Ƙwaryar da Kawu Ya Ɗinke a Zariya

Kawuna ya rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinsa da ke Kaura Namoda, ina gida hutun ƙarshen shekara. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ba a sanar da rasuwar a rediyo ba, domin ba ya cikin mutanen da ake sanarwa. Gyartai ne. Tun kafin a haife ni yake ɗinkin ƙwarya da akushi a kasuwannin Kaura da Shinkafi da Zurmi.

A zaman makoki mata sun fi maza yawa. Tabarma biyu ta ishe mu a ƙofar gida, amma a cikin gida sai da aka aro na maƙwabta. Matan Fulani suka yi ta zuwa daga rugagen wajen Zurmi, su gaisa da Inna, matar Kawu, su zauna shiru, su tashi. Rana ta biyu wata tsohuwa ta zo da fasasshiyar ƙwarya naɗe cikin zane. Ita ba ta ji labari ba, aiki ta kawo. Da aka gaya mata, ta zauna bakin ƙofa ta yi masa addu'a, sannan ta tambayi Inna ko ya bar wani wanda ya iya. Inna ta ce bai bari ba. Tsohuwar ta sake naɗe kayanta ta tafi.

Maza kuwa abin da ake faɗa wa kowane mamaci suka faɗa: mai haƙuri ne, ba ruwansa da kowa. Taubashinsa kaɗai, mai sayar da robobi a kasuwa, ya faɗi abin da ba a saba ji ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To ni yanzu wa zan zaga?" Wasu suka yi murmushi, liman ya yi kamar bai ji ba.

Na yi wannan rubutu ne domin kalmomin zaman makoki suna shiga kowa kamar rigar aro, Kawu kuwa ba kowa ba ne a wurina.

Yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ina shekara huɗu, mahaifiyata ta sake aure a Shinkafi, Kawu ya je ya ɗauko ni. Shi da Inna sun haihu sau uku, babu wanda ya kai yaye. Ni Kawu nake ce masa, shi kuwa bai taɓa kirana da sunana a gaban mutane ba. "Ɗana" yake cewa. A kasuwa, in mace ta tsaya jiran ƙwaryarta, kafin ya ja zare uku ta ji cewa ɗansa ne na ɗaya a ajinsu. Bai nemi gona mai faɗi ba, bai nemi aikin hajji ba tunda ya san ba zai iya ba. Abu ɗaya na san yana so a duniya, a san yana da ɗa.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: basilla biyu, 'yar wuƙa, da zaren kaba da yake murzawa a cinyarsa. Jakar fata ce, kuma ba ya rabuwa da ita ko masallaci zai je. In aka miƙa masa ƙwarya ba ya fara dubawa. Yakan rufe ido ya bi tsagar da babban yatsa har inda ta tsaya, ya huda nan da farko don kada ta ci gaba, sannan ya dawo baya. In ya gama sai ya ce a kawo ruwa. Ya zuba, ya ɗaga ƙwaryar sama da kansa, ya tsaya. In ɗigo ɗaya ya sauka a hularsa, warware ɗinkin yake yi gaba ɗaya, ko da mai ita tana roƙonsa ya bari haka don motar garinsu za ta tashi. "Ba ki ce in rage mata yoyo ba," yakan ce. "Cewa kinka yi in gyara."

Shi da taubashinsa rumfarsu na kallon juna, kuma ba a yin kasuwa ba su taɓa ba.

"Gyartai, ka kusa komawa bara. Roba ba ta fashewa."

"Awo, narkewa take. Jiya na ga taka bakin murhun wata, ta koma kamar kunnen jaki."

Sau ɗaya wasan ya zama faɗa. Wata babbar robar wanki ta tsage a rumfar taubashin, ya jefo wa Kawu ita don tsokana, ya ce in ya cika gwani ya ɗinke wannan. Kawu bai ɗauki abin wasa ba. Ya ɗora ta a cinya, ya huda, ya ɗinke, ya sa aka cika ta da ruwa, ya ɗaga ta sama a tsakiyar kasuwa. Ba ta ɗiga ba. Mutane suka taru, kowa ya ga cewa ashe roba tana fashewa. Taubashin ya yi kasuwa uku bai gaishe shi ba. Kawu bai gane laifinsa ba har ya mutu. Abu ya tsage, an miƙo masa, ya gyara.

Inna ta ba ni labarin wata amarya daga wani ƙauye kusa da Banga, wadda ta yar da ƙwaryar tatsar uwar mijinta, ƙwaryar da ta girme ta. Ƙwaryar ta tsage, amaryar ta kawo wa Kawu. Kawu ya ɗinke, sannan ya rufe rumfa ya bi ta har gida da ƙafa. Ya ce wa tsohuwar ya duba bakin tsagar, ƙwaryar ta riga ta gaji, ko a hannun wa take a makon nan za ta buɗe. Inna ta tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce, "Ta gaji mana. Makon ne dai ban tabbata ba."

A makarantar firamare yara suna kwaikwayon kiransa idan na wuce, su ja murya, "Gyartai!" Ban taɓa gaya masa ba. A sakandare, in aka tambaye ni sana'ar mai riƙona, sai in ce yana harka a kasuwa. Gaskiya ce. Da na sami shiga jami'a a Zariya, ba wanda ya san akwai shi. Na ce mahaifina ya rasu, wannan ma gaskiya ce, kuma ba mai ƙara tambaya bayan haka.

A shekarata ta biyu yanar ido ta fara rufe masa gani. Inna ta matsa, ya hau jirgin ƙasa daga Kaura ya same ni. Muka je asibiti da sassafe, aka duba shi, aka ɗiga masa magani, aka ce mu dawo washegari. Sauran yinin ya zame mini matsala, domin ranar ce abokin ɗakina da 'yan ajinsu, masu karatun zane, suke buɗe nunin ayyukansu a cikin birni. Saboda rubutuna yana da kyau, ni suka ba aikin rubuta 'yan katunan da ake mannawa a gefen kowane aiki, sunan aikin da sunan mai shi. Katunan suna jakata, dole in je. Ba zan iya barin mutumin da ba ya gani sosai shi kaɗai a ɗakin ɗalibai ba. Na tafi da shi.

Wurin tsohon gidan ƙasa ne na wasu attajiran da, zuriyarsu sun koma sabbin unguwanni sun ba da aronsa. An share, an shafe bangon da farar ƙasa, an ja waya an rataya fitilu. A bakin zaure Kawu ya tuɓe takalmansa ya yi sallama da ƙarfi. Mutane na ta shiga da fita da takalmansu, ba wanda ya amsa. Ya sake yi. Mai gadi ya amsa daga kan bencinsa.

Ginin ne ya fara kama shi. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon bakan gizon da ya riƙe rufin, ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa. "Waɗanda sunka yi wanga ba su yi sauri ba," ya ce. Zane-zanen kuwa sai ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa su. A gaban wani babba mai ja da baƙi ya tambaye ni a hankali, "Wanga ba a gama ba ko?" Na ce an gama. A gaban hoton wata mata mai dogon wuya ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Wasu 'yan mata biyu a bayanmu suka toshe baki. Na ja hannunsa muka wuce.

Na kai shi ɗaki na can ciki, inda ba mutane tukuna, na zaunar da shi a benci, na ce ya huta kada ya tashi. Ban kula da abin da ke ɗakin ba, ko da yake ni na rubuta katin da aka riga aka manna a bangonsa. Aikin abokin ɗakina ne. Ya gina ɗan dandamali na ƙasa, ya jera ƙore manya da ƙanana a kai, kowace a tsage, ya sa wa aikin suna Bayan Fari. Ya yi makonni yana fasa ƙore a bayan ɗakinmu kafin ya sami tsagar da ta yi masa kama da ƙasar da ta bushe. Malamansu za su zagayo da la'asar su ba da maki.

Ina zaure ina manna katuna na ji muryar mai gadi daga ciki. "Kai, baba! Ajiye! Ba a taɓawa!"

Da na isa ɗakin ya cika. Kawu yana zaune a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, jakarsa a buɗe, babbar ƙwaryar tsakiya a cinyarsa. Ya ɗinke rabinta. Idonsa a rufe, yatsansa na bin tsagar.

Babban malaminsu, mai gilashi da kwat, ya dubi mai gadi, ya dubi taron. "Wa ya shigo da mutumin nan?"

Abokin ɗakina ya juyo ya dube ni. "Ba tare na gan ku ba? Wane ne shi?"

Na ce, "Ɗan garinmu ne. Asibiti na rako shi."

Ban ɗaga murya ba, amma ɗakin ƙarami ne, kuma kunnen Kawu lafiya lau yake. Hannunsa ya tsaya da basilla a cikin huda. Bai ɗago ya neme ni ba. Can ya buɗe ido ya ce, "Wa ke da ƙoren?"

Abokina ya durƙusa a gabansa. "Ni ne, baba."

"Wa ya fasa maka su haka, yaro? Wanga ba faɗuwa ba ce. Bugu ne."

"Ni na fasa."

"Da hannunka?"

"Da hannuna. Haka ake so a gan su, a fashe. Shi ne aikin."

Kawu ya juya maganar a ransa. "To ni ban san haka ba. Na zauna, na ga an tara su wuri ɗaya, na ce mai gyara aka jira. Ka yi haƙuri. In warware?"

Abokina ya karɓi ƙwaryar ya juya ta a ƙarƙashin fitila. Ɗinkin ƙanana ne, a jere kamar haƙoran masara, ba wanda ya fi wani. Ya daɗe yana kallo. "Bar ta haka, baba. Rabi a ɗinke, rabi a buɗe. Ta ma fi."

"A'a," in ji Kawu. "Ba a barin ta rabi. Ko in warware in ba ka abinka, ko in ƙarasa."

"Baba, ai tawa ce."

"Ƙwaryar taka ce. Ɗinkin nawa ne. Gobe wani ya gani ya ce wane ragon gyartai ya yi wanga?"

Wani ya yi dariya daga baya, har malamin mai gilashi ya gyara tsayuwa. Abokina ya dubi malaminsa, malamin ya ɗaga kafaɗa, wato makinka ne, ka san yadda za ka yi. Abokina ya miƙa wa Kawu ƙwaryar. "Ƙarasa."

Ya ƙarasa a gaban mutane, ba gaggawa, kamar yana rumfarsa. Masu kallon zane-zane a sauran ɗakunan suka baro su suka zo. Da ya yanke zare ya ce a kawo ruwa. Mai gadin da ya daka masa tsawa shi ya kawo butarsa. Kawu ya zuba, ya miƙe, ya ɗaga ƙwaryar sama da hularsa, ya tsaya. Ba ta ɗiga ba. Ya zubar da ruwan a tsakar gida, ya goge ta da bakin rigarsa, ya mayar da ita daidai inda ya ɗauke ta, ita kaɗai lafiyayya a tsakiyar fasassu.

Abokina ya ɓare katin da ke bango ya miƙo mini. "Sake rubutawa. Hannu biyu ne yanzu. Sa sunan baba a ƙarƙashin nawa." Na durƙusa na ɗora sabon kati a gwiwa na rubuta sunan Kawu da na mahaifinsa. Abokina yana leƙe. "Har sunan babansa ka sani? Lallai garinku ƙarami ne."

Kawu ba ya karatun boko. Ya ce, "Malam, mi ka rubuta?" Ban gane da ni yake ba sai da ya maimaita. Na karanta masa. Ya ce, "Ƙara gyartai. Kada ka bar shi." Na ƙara.

Washegari likita ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna, a dawo bayan wasu watanni. Na raka shi har Kaura a jirgi. Ya yi hira sosai a hanya. Ya sayi rake a Funtuwa ya raba da mutanen da ke kusa da mu. Ya ce gidan nan na birni, da nasa ne, ba zai shafe bangon da fari ba, don yatsansa sun ji akwai tsohon zane a ƙarƙashi. Ya ce matar nan mai wuya ta tsaya masa a rai. Bayan mun wuce Gusau na ce, "Kawu, maganar jiya..." Ya ce, "Abokin nan naka, ka faɗa mai in zai sake, ya nemi ƙwaryar Zurmi. Ta fi kauri, tsagarta ta fi kyau." Ya juya yana kallon gonakin dawa ta taga. Na sake gwadawa a hutun da ya biyo baya, ya aike ni sayen goro.

Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa kowa ba. Labarin ƙwaryar dai ya ba da shi a kasuwanni uku, har taubashinsa ya ce ya gaji da jin yadda 'yan boko suke fasa kaya da gangan su kira mutane kallo. Bai rage mini komai ba. In zan koma makaranta, shi yake ɗaukar jakata zuwa tasha kamar kullum. Abu ɗaya ne ya sauya. Daga ranar nan Malam yake kirana, a gida da kasuwa. In mace ta tambaye shi wane ne wannan mai littafi a rumfarsa, sai ya ce, "Malam ne, daga Zariya." Mutane suka ɗauka girmamawa ce, har wasu suka kama. Taubashinsa ne kawai ya taɓa cewa, "Gyartai, ina ɗan naka da ka ishe mu da shi? Ka sayar?" Kawu ya ce, "Ya girma," ya ci gaba da murza zare.

Bai koma asibitin ba. Ya ce yatsunsa suna gani. Ya yi aiki har makon da zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar, na shida ya cika.

An yi masa salla bayan azahar aka kai shi maƙabartar bayan gari. Da aka sauke makara a bakin kabari, liman ya ce makusantansa biyu su shiga su karɓe shi. Ƙanen Inna ya shiga. Aka tsaya ana duban juna. Wani dattijo daga Shinkafi, wanda bai san gidanmu ba, ya ce ai ya ji marigayin bai bar ɗa ba, wani maƙwabci ya taimaka. Taubashin ya ce, "Ga Malam nan." Dattijon ya dube ni, ya dubi agogona da takalmana, ya ce, "Malam mi ne nashi?"

Na ce, "Ɗansa ne ni."

Liman tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi. Ya karkato kai. "Ka ce mi?"

Mutane sun kai arba'in a wurin, har da waɗanda muka yi firamare tare. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba a gaban jama'a. "Na ce ni ɗan gyartai ne. Shi ya rene ni."

"To shiga mana," in ji liman. "Rana na yi."

Na naɗe hannun riga na sauka. Aka miƙo shi, na karɓi wajen kai. Bai da nauyi ko kaɗan.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna haƙurin zama a ɗakin da babu shi. Wanda ya karanta wannan, in da hali, ya sa shi a addu'a.